Babi na Biyu: Tarihin Sassaƙa Mai Motsi da Fasahar Haske

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin dalilin gudanar da wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai. A wannan babi kuwa za a bi diddigin tarihin wani reshe na fasahar sassaƙa wanda ya tsiro a ƙasashen Turai a farkon ƙarni na ashirin, sa'an nan ya bazu zuwa Amurka ta Arewa da ta Kudu da kuma Japan. Wannan reshe shi ne na sassaƙa mai motsi da ayyukan da ake ginawa da haske. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, masu wannan fasaha sun fara ne da sha'awar inji da yabon ƙarfinsa, amma da tafiya ta yi nisa sai suka mayar da injin hanyar jawo hankalin ɗan Adam zuwa ga iska da ruwa da hasken rana, da kuma yadda idonsa yake gani. An kasa tarihin zuwa zamani uku domin sauƙin nazari, daga ƙarshe kuma aka dubi matsalolin da suka dabaibaye wannan fasaha.

2.1 Ma'anar Sassaƙa Mai Motsi da Fasahar Haske

A bisa al'ada, sassaƙa ita ce siffar da aka fitar daga itace ko dutse, ko aka zuba da narkakkiyar tagulla. Irin wannan siffa tana tsaye wuri ɗaya, mai kallo ne yake kewaya ta. Sassaƙa mai motsi kuwa, wadda Turawa suke kira kinetik daga kalmar Girkanci mai nufin motsi, ita ce wadda motsi yake cikin ginshiƙanta, ta yadda idan ta tsaya cik to aikin bai cika ba. Masana sukan kasa ta gida uku. Akwai wadda injin lantarki yake juyawa. Akwai wadda iska ko ruwa ko maganaɗisu ko hannun mai kallo yake motsawa. Akwai kuma wadda ba ta motsi ko kaɗan, sai dai an tsara ta yadda ido zai ga kamar tana rawa idan mai kallo ya gitta.

Fasahar haske ita ce wadda haske kansa yake zama kayan aiki, kamar yadda yumɓu yake ga mai ginin tukwane. Sau da yawa akan cika ɗaki guda da haske mai launi, mai kallo ya shiga ciki ya tsaya. Ya kamata a lura cewa a wannan babi an keɓe kalmar fasaha ga aikin zane da sassaƙa, an kuma yi amfani da ƙere-ƙere wajen nufin injuna da na'urori, saboda gudun rikita ma'anonin biyu.

2.2 Tushen Wannan Fasaha

Ƙera abubuwa masu motsi da kansu daɗaɗɗen abu ne. A ƙarni na tara, wasu 'yan'uwa uku a Bagadaza da aka sani da Banu Musa sun rubuta Kitabul Hiyal, inda suka bayyana na'urori kimanin 100, ciki har da maɓuɓɓugan ruwa masu sauya siffa. A shekarar 1206 Aljazari ya kammala nasa littafin a Diyar Bakr, inda ya zana agogon giwa wanda ruwa yake sarrafawa. Sai dai galibin waɗannan na'urori an yi su ne domin nuna lokaci ko nishaɗantar da sarakuna, kuma wasunsu kwaikwayon mutum ko dabba suke yi.

Ta fuskar gani kuwa, Ibnul Haisam ya rubuta Kitabul Manazir a Alkahira tsakanin 1011 da 1021. Ya tabbatar da cewa haske ne yake shiga ido daga waje, ya kuma nuna cewa gani ba ya kammala sai hankali ya auna abin da ido ya kawo masa ya yanke hukunci. Har ma ya keɓe wani kashi na littafin ga kurakuran gani. Wannan batu, wato cewa akwai tazara tsakanin abin da yake a waje da abin da mutum yake gani, shi ne masu fasahar ƙarni na ashirin suka mayar da shi abin yi.

2.3 Zamani na Farko: Sha'awar Inji (1913 zuwa 1939)

A farkon ƙarni na ashirin biranen Turai sun cika da lantarki da motoci da jiragen ƙasa da majigi. Matasan masu fasaha suka ga cewa mutum-mutumin dutse ba zai iya bayyana irin wannan rayuwa mai sauri ba. A shekarar 1913 Marcel Duchamp ya kafa ƙafar keke a kan kujera a ɗakin aikinsa a Faris, yana juya ta da hannu yana kallo. A 1920 kuma, a birnin Niyok, ya jera faya-fayan gilashi biyar masu zane a kan sanda ɗaya, ya haɗa da injin lantarki. Idan injin ya juya su, mai kallo da ke tsaye a gaba sai ya ga zobba cikakku a jere, alhali babu zobe ko ɗaya a jikin gilashin.

A daidai wannan lokaci a Mosko, ana tsakiyar yaƙin basasa da ƙarancin kayan aiki, Naum Gabo ya ƙera abin da akan ɗauka a matsayin sassaƙa mai motsi ta farko. Siririyar sandar ƙarfe ce kawai a tsaye a kan akwati. Idan aka danna maɓalli sai na'urar da ke cikin akwatin ta girgiza sandar da sauri, ido ya ga wata siffa mai ciki kamar tulu siriri a tsaye cikin iska. Da an kashe na'urar siffar sai ta ɓace, sanda ta rage. A watan Agusta na 1920 Gabo da ɗan'uwansa Antoine Pevsner suka manna wata sanarwa a titunan Mosko, inda suka yi watsi da ra'ayin cewa dole aikin fasaha ya kasance a tsaye, suka ce motsi da lokaci su ne ya kamata su zama tubalin sabuwar fasaha. Shi kuwa Vladimir Tatlin hasumiya ya tsara mai tsawon mita 400, wadda za ta ƙunshi ɗakunan gilashi masu juyawa: na ƙasa sau ɗaya a shekara, na tsakiya sau ɗaya a wata, na sama sau ɗaya a rana. Ba a taɓa gina ta ba, iyakacinta samfuri, amma ta nuna irin burin da aka ɗora wa inji a wancan zamani.

Ta ɓangaren haske, Thomas Wilfred, haifaffen Denmak, ya ƙera wata na'ura mai suna Clavilux wadda ake kaɗawa kamar kayan kiɗa, amma maimakon sauti launuka ne suke fitowa a kan allo. Ya fara nuna ta ga jama'a a Niyok a 1922. Sai kuma László Moholy-Nagy, mutumin Hangari wanda ya koyar a makarantar Bauhaus ta Jamus daga 1923 zuwa 1928. Ya shafe shekaru takwas yana tsara wata na'ura mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi, ta faya-fayan ƙarfe masu huji da gilashi, wadda kamfanin lantarki na AEG ya taimaka aka kammala a 1930. Idan tana juyawa aka haska mata fitilu, inuwoyinta sukan yi ta yawo a bango da rufi. Abin lura a nan shi ne, inuwar da ke bango ita ce ainihin aikin, na'urar kuwa hanya ce ta samar da ita.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka kauce wa inji shi ne Alexander Calder, Ba'amurke wanda ya sami digiri a aikin injiniya a 1919. Bayan ziyarar da ya kai ɗakin aikin mai zane Piet Mondrian a 1930, sai ya fara ƙera siffofi marasa kwaikwayon komai, yana juya su da ƙananan injuna. Duchamp ne ya raɗa musu suna mobile a 1931, kalmar Faransanci mai nufin abu mai motsi. Ba a daɗe ba Calder ya lura cewa inji maimaita motsi ɗaya yake yi, kuma da mai kallo ya gane tsarin sai sha'awarsa ta gushe. Saboda haka ya koma rataye ƙananan faya-fayan ƙarfe a jikin wayoyi, kowane sashe yana daidaita nauyin ɗan'uwansa kamar ma'auni, ta yadda iskar da ta shigo ta taga ko wadda mai wucewa ya taso za ta motsa su. Ta haka ne halitta ta fara samun gurbi a cikin wannan fasaha.

2.4 Zamani na Biyu: Shigowar Mai Kallo (1955 zuwa 1970)

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse wannan yunƙuri, kuma ya sauya yadda mutane suke kallon inji, domin sun ga irin ɓarnar da ya yi. Farfaɗowar fasahar ta zo ne a watan Afrilu na 1955, lokacin da Denise René ta shirya wani nuni a shagonta na kayan fasaha a Faris mai suna Le Mouvement, wato Motsi. An haɗa tsofaffin hannu, Duchamp da Calder, da matasa irin su Victor Vasarely da Yaacov Agam da Pol Bury da Jean Tinguely da Jesús Rafael Soto. Daga wannan nuni ne masana tarihi suke ƙirga kafuwar kinetik a matsayin mazahaba mai zaman kanta.

Masu fasahar wannan zamani sun rabu dangane da inji. Nicolas Schöffer yana ganin alheri a cikinsa. A 1956, da taimakon kamfanin Philips, ya ƙera CYSP 1, sassaƙa mai tafiya a kan ƙafafun taya wadda take jin sauti da haske ta sauya motsinta. Har an haɗa ta rawa da 'yan rawar Maurice Béjart a kan rufin wani bene a Marsai a wannan shekara. Shi kuwa Tinguely, mutumin Siwizalan, ba'a yake yi wa inji. A ranar 17 ga Maris 1960 ya harhaɗa wani ƙaton inji a lambun Gidan Adana Fasahar Zamani na Niyok, daga tarkacen ƙafafun keke da tsohon fiyano da bahon wanka da sauran kayan bola, da nufin injin ya rusa kansa a gaban jama'a. Ya yi ta ƙara da hayaƙi na tsawon minti 27, wuta ta kama, sai da ma'aikatan kashe gobara suka sa hannu.

A Jamus, Heinz Mack da Otto Piene sun kafa ƙungiyar ZERO a birnin Dusuldof a ƙarshen shekarun 1950, Günther Uecker ya shigo daga baya. Sunan yana nufin sifiri, wato komawa farko bayan rushewar yaƙi. Piene yana ɗan shekara goma sha shida aka ɗauke shi aikin taimaka wa masu harbo jiragen sama, ya ga yadda ake amfani da manyan fitilu wajen farautar jirage cikin dare. Daga 1959 ya fara abin da ya kira rawar haske, yana haska fitila ta cikin faya-faye masu huji, ɗigo-ɗigon haske suna kewaya ɗaki mai duhu a hankali.

Babban sauyin da wannan zamani ya kawo shi ne matsayin mai kallo, kuma 'yan Amurka ta Kudu da ke zaune a Faris ne suka fi tsayawa a kansa. Soto, mutumin Benezuwela, ya fara a 1967 rataye dubban siraran igiyoyin roba daga sama, mutum ya kutsa cikinsu yana tafiya suna kaɗawa, na waje kuma ya ga kamar jikin na ciki yana narkewa. Ɗan ƙasarsu Carlos Cruz-Diez ya tsara a 1965 ɗakuna uku a jere, ɗaya cike da jan haske, ɗaya da kore, ɗaya da shuɗi. Ido ya saba da ganin launuka da yawa a lokaci guda, don haka idan ya daɗe cikin launi ɗaya sai ya gaji, launin ya dushe, kuma da an shiga ɗaki na gaba sai a ga wani launi wanda babu shi a wurin.

Ƙungiyar GRAV, wadda Julio Le Parc na Ajantina da François Morellet da abokansu suka kafa a 1960, ta kai batun har fagen siyasa. A ganinsu, al'adar tsayawa shiru a gaban aikin wani gwani tana koya wa jama'a miƙa wuya. A ranar 19 ga Afrilu 1966 suka fita titunan Faris tun safe har dare, suna shimfiɗa allunan da ke rawa idan an taka su, suna raba wa masu wucewa takardun tambayoyi. A wannan shekara Le Parc ya ci babbar kyautar zane a bikin fasaha na Banis, a 1968 kuma gwamnatin Faransa ta kore shi na wasu watanni saboda hannu da ya sa a zanga-zangar ɗalibai da ma'aikata.

Farin jinin fasahar ya kai ƙololuwa a tsakiyar shekarun 1960. Nunin ayyukan ruɗin ido da aka yi a Niyok a 1965 ya jawo mutane sama da 180,000, nan da nan kuma masu ɗinki da masu talla suka kwashi zane-zanen suka sa a tufafi. Wannan ya sa masu sharhi suka fara yi mata kallon kayan wasa. Bugu da ƙari, yaƙin Biyatnam ya sa matasa suka tsargu da manyan kamfanonin ƙere-ƙere, waɗanda wasunsu suke ɗaukar nauyin masu fasaha suna kuma yi wa soja kwangila. Kafin tsakiyar shekarun 1970 kasuwar kinetik ta faɗi.

2.5 Zamani na Uku: Komawa ga Halitta (1963 zuwa yau)

Wannan zamani ya fara tsirowa tun na biyu bai ƙare ba. Tsakanin 1963 da 1965 Hans Haacke ya ƙera wani akwati na roba mai kama da gilashi, ya zuba ɗan ruwa a ciki ya rufe ruf. Zafin ɗaki da haske da ɗumin jikin masu kallo suna sa ruwan ya zama tururi, ya taru a jikin bango kamar raɓa, ya gangaro. Babu inji a ciki, kuma siffar ɗigon ba ta taɓa maimaita kanta. A 1968 Heinz Mack ya kwashi madubai da ginshiƙan ƙarfe masu sheƙi zuwa hamadar Tunisiya, a 1976 kuma zuwa ta Aljeriya, domin ya gwada su a inda hasken rana ya fi ƙarfi kuma babu bangon da zai tare shi. A bikin baje kolin duniya na Osaka a 1970, Fujiko Nakaya ta lulluɓe rumfar kamfanin Pepsi da hazo na tsabtataccen ruwa, wanda ake fesowa ta ƙananan kafofi sama da 2,000. Siffar hazon tana hannun iska da zafi da laimar ranar. Mahaifinta, Ukichiro Nakaya, shi ne masanin kimiyyar da ya fara samar da ƙwayar dusar ƙanƙara a ɗakin gwaji a 1936.

A yammacin Amurka, Nancy Holt ta kammala wani aiki a hamadar Utah a 1976. Manyan bututun kankare huɗu ne, kowanne tsawonsa mita biyar da rabi, an saita bakunansu da inda rana take fitowa da faɗuwa a rana mafi tsawo da mafi gajarta a shekara. A nan bututun a tsaye suke, juyawar duniya ce take samar da motsin.

James Turrell, wanda aka haifa a 1943, ya karanci ilimin yadda ɗan Adam yake gani a jami'a. A 1966 ya haska farin haske a kusurwar ɗaki ta yadda mai kallo zai rantse cewa wani akwati ne yake shawagi a wurin. Daga baya ya shahara da ɗakunan kallon sama, waɗanda ya gina sama da 80 a ƙasashe dabam-dabam. Ɗaki ne mai kafa a rufi wadda aka fiƙe gefenta har kaurin rufin ba ya ganuwa, sai sama ta zama kamar wani faifai mai launi da aka manna. Da magariba, idan aka sauya launin fitilun cikin ɗakin, sai mai kallo ya ga sama ta koma kore ko baƙa wuluk, alhali da zai fita waje zai tarar da ita yadda take. Hausawa sukan ce gani ya kori ji, amma aikin Turrell yana nuna cewa shi ma ganin ƙwaƙwalwa ce take harhaɗa shi ta hanyar kwatanta launi da maƙwabcinsa. A 1977 ya mallaki Roden Crater, tsohon dutse mai aman wuta a jihar Arizona, ya shiga haƙa hanyoyi da ɗakuna a cikinsa domin kallon rana da wata da taurari, aikin da ya ci shekaru sama da arba'in.

A ƙasar Holan, Theo Jansen, wanda ya karanci kimiyyar fiziya, ya fara a 1990 ƙera abin da ya kira Strandbeest, wato dabbar bakin teku. Tunaninsa na farko shi ne a sami halittun da iska za ta tura suna tara yashi a gaɓa domin kare ƙasar daga hauhawar teku. Yana yin su da bututun roba ruwan ɗorawa wanda ake zura wayar lantarki a ciki. Kowace ƙafa tana da sanduna goma sha ɗaya, kuma kwamfuta ce ta zaɓo tsawonsu ta hanyar gwada dubban ƙafafu, tana zubar da marasa kyau tana haɗa masu kyau, kamar yadda makiyayi yake zaɓen iri. Wasu daga cikinsu suna tara iska a cikin gorunan roba domin su ci gaba da tafiya idan iska ta ɗauke.

Ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi jawo jama'a shi ne wanda Olafur Eliasson ya yi a gidan Tate Modern na Landan daga Oktoba 2003 zuwa Maris 2004. A cikin wani zaure mai tsawon mita 155 ya kafa rabin da'ira ta fitilu kimanin 200 masu launin ɗorawa, ya rufe rufin da madubi wanda ya cika da'irar ta zama rana, ya kuma fesa siririn hazo. Mutane kimanin miliyan biyu suka ziyarta, da yawa suna kwanciya a ƙasa suna neman kansu a madubi. Eliasson bai ɓoye dabarar ba. Duk wanda ya je ƙarshen zauren zai ga wayoyi da fitilu a bayan ranar, domin yana son mutum ya san cewa ƙirƙirarriya ce, ya kuma lura da yadda duk da haka jikinsa ya amsa mata. Samuwar shuɗiyar fitilar LED a farkon shekarun 1990, wadda ta jawo wa masana uku na Japan kyautar Nobel a 2014, da arahar kwamfuta, sun ƙara faɗaɗa irin waɗannan ayyuka. Alal misali, a 2012 an rataye ɗigo 1,216 na ƙarfe a filin jirgin sama na Changi a Singafo, kowanne da injinsa, suna hawa da sauka kamar ruwan sama.

2.6 Matsalolin da Suka Dabaibaye Fasahar

Matsala ta farko ita ce lalacewa. Mutum-mutumin tagulla yana iya shekara dubu, amma inji yana cinyewa, ƙwan lantarki kuma yana mutuwa. Sandar Gabo da akan nuna a gidan Tate kwafi ce da aka yi a 1985. Dan Flavin, wanda daga 1963 ya yi aiki da dogayen ƙwayayen lantarki na kasuwa, ya rasu a 1996, kuma masana'antu sun daina yin irin launukan da ya yi amfani da su, sai dai a yi odarsu musamman. A 2023 Tarayyar Turai ta hana shigar da galibin irin waɗannan ƙwayaye kasuwa saboda zaibar da ke cikinsu. A wannan shekara ce kuma aka kashe fitilu 25,000 da Leo Villareal ya jera a gadar San Faransisko tun 2013, bayan gishirin teku da iska sun lalata su. Tambayar da masu adana kayan fasaha suke fuskanta ita ce, idan aka sauya kowane sashe na aiki da sabo, shin aikin mai shi ne har yanzu?

Matsala ta biyu ita ce hatsari. A nunin Turrell a gidan Whitney na Niyok a 1980, wasu masu kallo sun jingina da abin da suka zaci bango ne alhali haske ne, suka faɗi suka ji rauni, har maganar ta kai kotu.

Matsala ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce tasirin ayyukan a kan halittar da suke yabo. Tun 2002 ake haska fitilu 88 zuwa sama a Niyok domin tunawa da waɗanda suka mutu a harin 11 ga Satumba 2001. Lokacin ya dace da ƙaurar tsuntsaye, kuma wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa hasken ya rikita tsuntsaye sama da miliyan ɗaya a cikin darare bakwai. Maganin da aka samu shi ne a riƙa ƙirga su, idan waɗanda suke kewaya hasken suka haura 1,000 sai a kashe fitilun na minti 20 su watse. Haka kuma a 2015 Eliasson ya kawo manyan curin ƙanƙara 12 daga Girinlan zuwa Faris lokacin taron sauyin yanayi, domin mutane su taɓa su suna narkewa, amma jigilarsu ta jirgin ruwa da manyan motoci masu sanyi ta fitar da irin hayaƙin da ake kuka da shi.

Daga ƙarshe akwai batun wanda yake da halin ganin wannan fasaha. Galibin ayyukan suna bukatar lantarki mara yankewa, alhali mutane kimanin miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da shi. Wannan ne ya sa a 2012 Eliasson da injiniya Frederik Ottesen suka fito da Little Sun, ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana wadda aka yi wa siffar wani fure na ƙasar Habasha. Ana sayar da ita da tsada a ƙasashe masu arziki domin a sami damar sayar da ita da rahusa a inda babu lantarki.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda sassaƙa mai motsi da fasahar haske suka faro daga ƙafar keken Duchamp da sandar Gabo, a lokacin da ake ganin inji zai gina sabuwar duniya. An ga yadda bayan Yaƙin Duniya na Biyu hankali ya karkata zuwa ga mai kallo, har ya zama aikin ba ya cika sai ya shiga cikinsa. An kuma ga yadda daga shekarun 1960 masu fasaha suka sakar wa iska da ruwa da rana wani kaso na aikin, suka yi amfani da ƙere-ƙere wajen nuna wa mutum iyakar ganinsa. Matsalolin lalacewa da hatsari da illa ga muhalli da rashin lantarki suna nan ba a gama warware su ba. A babi na gaba za a ɗauki ayyukan Calder da Turrell da Jansen ɗaya bayan ɗaya, a yi nazarin kayan aikinsu da tsarinsu da kuma matsayin da kowannensu ya ba mai kallo.